Fenti Uku

A Baga Sola nake liƙin kwale-kwale,
kwalta da tsumma da ƙusa.
Yaƙi bai taɓa tambayar ra'ayina ba,
huji yake kawo mini in toshe.

Watan da tafki ya fara ja da baya
na lura hujin ya sake wuri:
da a goshin jirgi, yanzu a ƙeya.
Na ja bakina na yi shiru.

Wata na biyu, wani soja ya sayar mini da inji
a kan tiya shida ta gero.
Hannunsa na rawa wajen awo,
ya ce in ƙara masa wando, kowane iri,
in dai ba kaki ba.

Ta tudu motoci na wucewa da dare ba fitila.
Ta ruwa, jirgin da ya tafi da mutum ashirin
ya komo da bakwai, ana tura shi da gora.
Rediyo ta ce an sulhunta, sau uku ta faɗa,
sau uku muka haƙa sabon kabari.
Tarwaɗa ta yi ƙiba a bana,
ba mai son tambayar me ta ci.

Sai ranar Laraba iska ta koro wani jirgi
shi kaɗai, ya maƙale a kyauro.
Takalmi ɗaya a ciki, da butar shayi.
Na sa wuƙa na kankare fentin:
kore a sama, na waɗanda suka zo ƙarshe,
ƙarƙashinsa baƙi, na waɗanda suka kora,
can ƙasa shuɗi,
da rubutun da na yi da hannuna shekara tara baya:
Mbodu, Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Na je gidan Kellu ban shirya magana ba.
Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.
Ta ce, yana yoyo?
Na ce, wuri huɗu.
Ta ce, toshe, yaron ya isa riƙe filafili.

An ce a Anjamena an buga ganga ranar da aka gama.
Mu nan ba mu san ranar ba.
Na dai san na kwana tara ina dafa kwalta
ba wanda ya kawo mini sabon huji.