Ƙarƙashin Gadar Obalende

Sallau mai gyaran agogo ya ce in ɗauke shi
hoto guda, zai tura wa 'yarsa a Sabon Birni.
"Ta gan ni, ta kuma ga Ikko a bayana.
Kada ka rage ko ɗaya."

Ƙarfe ɗaya na rana.
Teburinsa na ƙarƙashin gada, inda duhu ke ƙailula.
Taku biyar a bayansa titi ya kama da wuta,
danfo ruwan ɗorawa, gilasan bene, kwalta,
kowa na tofa haske.

Idona ya kwashe su duka bai koka ba.
Ido ɗan gata ne,
ya tsuke, ya buɗe, bai nemi izinina ba.
Kyamara kuwa mudu ce,
iya cikinta iya awonta,
abin da ya haura baki sai ƙasa.

Na auna fuskarsa, na danna.
Ga Sallau har da zanen Gobir a kumatu,
amma gari ya ƙone,
sama ta koma farar takarda, motoci sun narke.
Na auna titi, na danna.
Ga birni tas, har lambar mota,
shi kuwa ya zama kututture,
sai ƙyallin agogo ɗaya a hannu.

Ya leƙa, ya ja tsaki.
"Nan babu gari. Nan kuma babu ni."

Baba Rasaki, da ya koya mini aikin a Agege, yakan ce:
"Allo maƙaryaci ne, dubi ɗan tsaunin awo.
In ya jingina da bangon dama, ka tafka asara.
Duhu rumbu ne, yana ajiya,
zai ba ka kayanka ko da gauraye da tsakuwa.
Fari gobara ne.
Ka taɓa ganin toka ta koma riga?"

Akwai dabarar ɗauka uku,
ɗaya ta rana, ɗaya ta inuwa, ɗaya ta tsakani,
a haɗa su a tukunya guda.
To, wa zai ce wa Ikko ta tsaya cik?
Kwandasta zai fito da kai uku,
mai baro ya rabu da ƙafarsa.

Iya Silifa mai burodi ce ta gaji da kallonmu.
Ta juye farantinta na silba, ta tsaya bakin inuwa,
ta tari rana kamar mai tarar ruwan indararo,
ta watsa masa a fuska.
Na rage wa kyamara ci har sama ta dawo shuɗiya,
na bar gilashin mota ɗaya ya ƙone abinsa,
na danna.

Da dare, janareton maƙwabci na tari,
na buɗe ɗanyen hoton,
na shiga jan duhu sama a hankali
kamar mai jan guga.
Aljihu ya fito. Maɓallan riga.
Ƙananan sukurori cikin gwangwanin madara.
Na ƙara ja.
Hoton ya fara yashi-yashi,
sai ga ƙarƙashin tebur:
tabarma a naɗe, buta,
kwali da ya lotsa daidai girman kai,
gidan sauro a ƙulle cikin leda.

Ya taɓa ce mini yana da ɗaki a Idi-Araba.

Na daɗe hannuna na kan linzami.
Sannan na sassauta igiya,
guga ya koma,
duhu ya rufe kayansa daga gwiwa zuwa ƙasa.

Bayan kwana biyu ya kira ni da hannu,
ya kara mini waya a kunne.
Muryar yarinya, da kukan akuya a bayanta:
"Baba, ka yi haske!
Lallai Ikko ta karɓe ka."

Ya mayar da gilashi a ido,
ya sunkuya kan wani agogo da ya tsaya.