Tambari Huɗu, Yatsa Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina manna tambari
a jikin ayaba, a rumfar wanki ta Gona ta Tara,
gefen kogin Ulúa, inda laka ke haɗiye takalmi.
Sunana Zoraida Banegas.
Babban yatsana ya san aikin nan
fiye da yadda bakina ya san addu'ar safe.

Na farko aku ne, kore, mai jan baki.
Kamfanin gado ne, na wani dattijo Haldane
da ba mu taɓa gani ba sai a hoton ofis,
ƙuda na yi masa zane a goshi.
Da ya mutu, 'ya'yansa uku suka kama akun,
wannan fiffike, wancan wutsiya,
autan ya kira lauya.

Sai jirgin ruwa, shuɗi.
Aka ce an kai mu kasuwar hannun jari.
Mijina Evaristo ya tambayi foman,
"A wane layi aka kasa mu?"
Foman ya ce ba a kasa kowa ba,
lamba ce ke hawa da sauka
a allon wani birni mai sanyi.
Da ta hau, an raba mana hula.
Da ta sauka, an garƙame asibiti.

A zamanin jirgin ne ake feshi ƙasa-ƙasa,
raɓa mai ɗaci a kan shanya, a kan tukunya.
Faratan Evaristo suka yi baƙi,
tari ya tare a ƙirjinsa, bai biya haya ba.
Mutum ɗari shida suka sa hannu a ƙara.
Shekara goma sha tara tana yawo kotu-kotu,
alƙalin ƙarshe ya ce ba huruminsa ba ne.
Takardar ta iso bayan mun yi masa addu'ar kwana tara.

Guguwa ta zo, kogi ya kwana a ɗakinmu.
Da ruwa ya janye, kamfani ya janye da shi.
Suka dawo da tambarin ganye mai ɗigon raɓa,
sun auri wani kamfanin latas da karas,
suka ce yanzu ba su da gona, ba su da lebura,
su masu saye ne kawai.
Gonar ta Don Heriberto ce, a takarda.
Kura ta sauya riga,
amma kafaɗar da ke ɗaukar nono mai kilo arba'in
ba ta ji an rage ko ɗanya ɗaya ba.

Na huɗu ba tsuntsu, ba ganye.
Ɗan murabba'i ne mai ɗige-ɗige baƙi,
kamar kashin ƙudan nan na goshin dattijo.
Masu shi, an ce, asusu ne.
Asusu ba ya da fuska da za a rataya a ofis.

'Yata Marleny ta haye arewa tun bara waccan,
tana jera kayan lambu a kanti, cikin dare.
Ta haska wayarta a kan ɗige-ɗigen,
sai ga ni, ina murmushi,
sanye da farar rigar aiki
da aka ba mu da hantsi, aka karɓe kafin la'asar.
A ƙarƙashi an rubuta, "Danginmu."
Ta kira ni tana dariya,
dariyar da ke ƙarewa da jan hanci.

To, tun daga ranar,
kowace ayaba ta ɗari nakan manna mata a karkace,
in danna har sai ɓawon ya ɗauki shatin yatsa.
Mai duba inganci ya yi mini kashedi sau biyu.
Kwana goma sha biyu ne a teku, cikin sanyi.
Marleny ta ce ta tsinci guda uku.
Ɗaya ta saya da kuɗinta,
ta ajiye a taga har ta yi baƙi.