Kada A Taɓa

A Ikoyi, cikin wani ɗaki fari fat,
na tsaya gaban zanen teku.
Daga nesa shuɗi ne kawai, a kwance.
Da na matsa
sai ga ƙofar danfo ta ɓullo daga cikin fenti,
rawaya, tsatsa ta ci gindinta,
inuwarta na zubowa kan takalmina.

Ido ya ce hoto ne.
Hannu ya ce ƙarya kake, na san wannan ƙarfen,
shekara nawa ina riƙe shi daga Oshodi zuwa Agege?

Mai gadi, Tanimu, ya yi gyaran murya.
Na mayar da hannu aljihu.

Amma har na isa gida
tafina na warin gishiri.