Tsibirin Wata Huɗu

Gidaje goma sha ɗaya ne a kan dutsen,
gabas da Birnin Damagaram, tafiyar hantsi.
Da rani ƙauye ne kamar kowane.
In damina ta zauna, tafki ya kewaye shi,
sai ya koma tsibiri har wata huɗu.
Mai son kasuwa ya rungumi gora,
ya naɗa rigarsa a ka, ya yi ta shurin ruwa.

A nan aka binne cibiyar kakata Tsahara.
Tana ɓarar gyaɗa ta ba ni labarin,
yadda na ji zan faɗa, har da giɓinsa.

Shekarar da Nasara suka kaure da yaƙi a garinsu
aka toshe hanyar Kano.
Gab da shuka sojoji suka hawo:
saje ɗaya fari, mai jan wuya,
da baƙaƙe tara da ba su jin ko sannu.
Suka mai da zauren Nomau ɗakin tsaro,
suka kafa tuta inda ake shanya kuɓewa.
Daga nan, wai, ana hango duk jakin da ya nufi kudu.

Ba su harbi kowa ba. Ƙidaya suka yi.
Awaki, damman gero, maza majiya ƙarfi,
ƙwai ma sai da ya shiga takarda.
Sannan goruna, ashirin da uku,
aka jera su a fili, saje ya bi su da takalmi
ɗaya bayan ɗaya.
Ruwa ya zo a kan lokacinsa.
Abin da ya tsare kakanni daga mahara
shi ya zama ƙyauren kurkuku.

Ashe gorunan ashirin da huɗu ne.
Tsahara ta ɗaure guda a ƙarƙashin zane,
tana tafe hannu a ƙugu, tana tofar da yawu,
har sojojin na kauce mata a hanya.
Da dare cikin ya sauka,
Barmo ya rungume shi ya ƙetare,
ya dawo kafin asalatu da gishiri da allura da labarin birni.
Da safe ciki ya koma mazauninsa.
“Haihuwata tara,” in ji ta, “ban ɗauki mai sauƙinsa ba.”
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

An tafi da mutum uku aikin hanya.
Kyari ya dawo ba yatsu biyu.
Lawali ya dawo ba magana.
Na ukun,
nan take yin shiru, sai ƙarar ɓawo.
Bayan rasuwarta na san wanta ne.

Akwai soja guda, yaro, zazzaɓi ya kayar.
Kwana uku yana maimaita kalma ɗaya,
ba mai jin yarensa, kowa ya san uwa yake kira.
Daga geron da suka rage mata ta dama masa kunu.
Ruwa ya hana a kai shi bariki,
yana nan gindin gawo, taku biyar daga namu.

Wata safiya suka naɗe tuta suka sauka,
an ce manyansu sun sake ɓangare.
Ba a biya kuɗin ƙwan ba.

Aka ci gaba da biyan lanho, tuta ta sake launi,
fari ya zo, ya sake zuwa,
tafki ya yi ta ja da baya kamar mai jin kunya.
Birni ya miƙo da bulo da kwano.
Inda Barmo ya yi iyo cikin duhu
yanzu jarkoki ne a layi suna jiran famfo,
ɗan kabu-kabu ya kai ka ƙofar gida ƙafarka a bushe.

Goran yana rataye a ɗakina, ya tsage ta wuya.
Jiya ɗiyata Zulai ta sauke shi, ta kaɗa, ta leƙa ciki,
ta ce, “Baba, me ake zubawa a nan?”