Hasken Bradford Kaɗan Ne

Fam ɗari da sittin na ba Maureen a Shipley,
ladan darare ina juya tsofaffi a gado.
Ta miƙo jakar da hannu biyu
kamar mai ba da riƙon jariri:
"Ta mijina ce. Bai gama koyo ba ya tafi."

A bas na zazzage kayan a cinya.
Ga kyamarar, baƙa, da ɗan nauyinta,
ga idonta guda da ake murzawa,
batir biyu, ɗaya ya gaji da duniya,
igiyar wuya mai warin tabar wani,
ɗan zugazugin roba na hure ƙura,
sai doguwar nan mai ƙafa uku
da na gani na ce, ai murhu ne,
tukunya ba ta zama a kan dutse biyu.

Littafinta na karanta shafi huɗu,
barci ya raba gardama.

Asabar, Lister Park, ana yayyafi.
Na tsayar da Rumasa'u a bakin tafki,
na danna, na danna, ina jin kaina gwana,
ashe katin ajiya na can kan firji.
Tana ta faɗa min a ɗan allonta, ban duba ba.
Wuni guda ina ɗiban ruwa da kwando.

Mako ya zagayo, na koma da shirina.
Na bar ta ta yanke hukunci da kanta.
Ta dubi farin sama, ta dubi farar agwagwa, ta gamsu,
ta mayar min da 'yata inuwa mai jar hula.
Ba ido, ba wushirya.
Na ce, to, ba ki san irin fatarmu ba,
zauna a gabatar da ku.

Ashe uku ne ke cacar baki a cikinta:
faɗin ƙofa, saurin ƙiftawa,
da wata lamba mai cin bashin haske
ta biya da tsakuwa a fuskar hoto.
Ki buɗe ƙofa, baya ya narke kamar man shanu.
Ki jinkirta ƙiftawa, hannu ya tona asirinki,
nawa kuwa rawa yake tun aikin dare.
A garinmu rana ake gudu.
Nan, kafin ƙarfe huɗu ta naɗe tabarmarta,
sai an bi ta da lallashi.

Wani dare na leƙa tsohon katin.
Kabeji, kabeji, kabeji arba'in da bakwai,
duk dishi-dishi, duk a karkace,
sai na ƙarshe, tas kamar an wanke:
Maureen a taga tana goge kofi,
ba ta san ana kallonta ba.
Na sa aka buga, na kai mata.
Ba ta ce komai ba, ta ɗora shayi,
ta zuba min sukari uku ba ta tambaya ba.

Lahadi na kafa murhuna a ciyawa.
Na ƙara haske taki biyu,
sama ta ƙone, na ce ta ƙone.
Rumasa'u ta gaji, ta daina yi min dariyar haya,
ta juya tana zagin agwagwa da ta sace mata burodi.
Na danna.

Madubin ciki ya ɗaga, duhu ya gifta.
Haka aka yi ta: daidai lokacin da take kamawa,
mai riƙe da ita ba ya ganin komai.

Sai na duba allo.
Ga wushirya, ga goshi,
ga wannan harara ta gefen ido
da rabona da ita shekara tara,
tun da muka rufe Inna a Funtuwa,
wadda hotonta ɗaya tak nake da shi,
na katin zaɓe,
shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar.