Tarin da Ke Bayan Muryar

Ni mai cajin waya ne a Batsari.
Rumfata na kallon tasha,
janareto na kuka a baya,
wayoyi sittin kwance a jere
kamar majinyata ana yi musu ƙarin ruwa.

Ran Alhamis, kasuwa ta cika ta batse,
saƙon ya faɗo wayar Rabe mai shayi:
minti uku da 'yan daƙiƙu,
muryar Mai Tabo,
wanda aka ce an binne
tun kafin a yanke geron bara.

"Ina nan," in ji muryar.
"Ku shaida musu ina nan."

Nan take rumfa ta koma kotu.
Lado direba ya rantse shi ne,
ya san wannan shaƙewar,
ya taɓa jin ta a hanyar Ruma
da bakin bindiga a ƙeyarsa.
Malam Mati, tsohon soja, ya taɓe baki:
"Mutumin nan da in'ina na san shi.
Wannan kuwa harshe sumul.
Wa ya gyara wa gawa harshe?"
Wani ɗan jami'a ya ce yanzu akwai na'ura,
ka ba ta zare ɗaya na murya
ta saƙa maka zane guda,
ta sa ko kakanka ya yi tallar sabulu.
Aka yi dariya
wadda ba ta wuce maƙogwaro ba.

Wani ya ce a saurari tsuntsun:
kukan damina ne, mu ko rani muke.
Bai ambaci wata ba, bai ambaci rana,
bai kira sunan ƙauyen da aka ƙone shekaranjiya.
Tsohon tuwo ne aka ɗumama.
To wa ya hura wutar?
Yaransa, don kada garke ya watse,
ko masu cin abinci da tsoronmu?

Kowa dai so yake ta zama ƙarya.
Akwai gonaki a bakin Rugu
da suka shekara biyu ba su ga fartanya ba.

Sai ga Inna Tambai.
Duk Alhamis takan zo da wayar ɗanta Sada,
wadda ya yar a kunya ranar da aka tafi da shi,
ta biya hamsin, in cika mata,
ta mayar cikin haɓar zane.
Wata goma sha huɗu ke nan, ba ta tsallake mako ba.

Ta tsaya daga gefe, ba ta shiga gardama ba.
Ta ce, "Maido shi baya."
Rabe ya mayar.
"Ba nan ba. Inda ya yi shiru."
A can, tsakanin barazana da barazana,
nesa, bayan muryar,
wani ya yi tari sau biyu.
Busasshen tari, gajere, ɗan na biyun ya fi kaifi.

"Haka yake yi tun yaye," in ji ta.
"Na dafa masa citta har na gaji."

Babu wanda ya sake tankawa.
Malam Mati ya cire hula, ya leƙa cikinta,
ya mayar.

Ta juyo gare ni:
"Kai da ka san cikin waya,
na bana ne ko na bara?"

Garin nan kaf na roƙon Allah ya sa na bara ne.
Ita kaɗai ke roƙon ya zama na jiya,
ko da kuwa mai muryar na numfashi.

Na ce, "Inna, caji na iya."

Da dare, bayan na kashe janareto,
na saurara sau goma sha bakwai.
Wani jin, tarin mutum ne.
Wani jin, akuya ce, ko reshe ya karye,
ko na'ura ce ta ƙara gishiri
don miyar ta yi kama da ta gaske.

Ta manta wayar Sada a kan teburina.
Ta cika ɗari bisa ɗari.
Ban zare ta ba.