Fedar Hagu

Layinmu a Porto gangare ne har bakin kogi.
Daren Laraba muka shigo da keken cikin falo,
muka shimfiɗa tsofaffin jaridu kada giris ya ɓata dardumar Inna.
Baba Abílio ya zauna, sanda tsakanin gwiwoyi,
ni na durƙusa da sifana mai lamba goma sha biyar.

Shekara talatin da ɗaya keken nan yana kai burodi
ƙofa-ƙofa, kafin agogon coci ya buga shida.
Yanzu gwiwa ta ce ta gaji.
Ni kuwa na ce zan hau shi daga Santiago
har can kudu, inda hanya take ƙarewa a bakin ruwan sanyi.
Ranar da na faɗa masa bai ce uffan ba,
sai da yamma na gan shi yana jan kwali daga shagon Nuno,
kwalin ya fi shi tsawo.

Fedar dama ta fita ba gardama.
Ta hagu na murɗa, na sake murɗawa, gumi ya keto mini,
ita kuwa sai ƙara ƙullewa take.
"Graciete," in ji shi, "wannan ba ta bin hanyar 'yar'uwarta.
Juya ta baibai.
Inda kike zaton ɗauri ne, nan take sakin jiki."
Na juya. Ta saki kamar ba ita ba.
Na ɗago kai, ya kau da nasa, yana duban taga.

Muka zare sirdin da ya lotsa daidai zamansa,
muka kwantar da kan keken a haƙarƙarinsa
kamar tsuntsu ya naɗe fiffike.
Na danna bawul, tayar gaba ta yi dogon tsaki,
iskar garinmu ta fice, mai warin roba da gishiri.
"Bar kaɗan," ya ce, "kada ya isa can ba numfashi."

Kaca muka naɗe da tsohuwar rigar Inna mai furanni.
Tsakanin ƙafafun gaba ya sa guntun katako
da ya fafe da wuƙar yankan burodi,
don masu lodi ba su san keken kowa ba.
Notuna bakwai, wasa huɗu,
ya ƙirga su sau biyu cikin ledar shinkafa,
ya liƙe ta a jikin ƙarfe da salatif.
Abu ƙarami shi ke kwanar da matafiyi a daji, in ji shi,
ba dutse ba.

Sha ɗaya ta wuce muka rufe kwalin.
Na rubuta sunana, na zana kibiya mai kallon sama.
Shi ya karɓi alƙalamin, hannu na rawa,
ya ƙara a gefe: a yi hankali, tsoho ne.

Da asuba motar Nuno ta kai mu filin jirgi.
Sikeli ya ce kilo ashirin da biyu da ɗari tara.
Matar ta buga takarda, bel ya ja kwalin,
labulen roba ya haɗiye shi, kibiyar tawa tana kallon ƙasa.

Na rungume Baba.
Wani abu mai tauri ya tokare ni daga aljihun kwat ɗinsa,
ya yi ƙara sau ɗaya, siririya.
Ashe ya kwance ƙararrawar tun ina neman almakashi.
Ban tambaya ba.
Ya gyara hula, ya ce in na isa
in shafa wa fedar mai kafin in ɗaura,
kuma in tuna wadda take baibai.